Mene ne jadawalin bayanai mai saiti?

Duk wanda ya taɓa buɗe tarihin kuɗin da ya aika ta waya, ko ya duba sakamakon jarrabawa a intanet, ya riga ya yi mu'amala da jadawalin bayanai ko da bai san sunansa ba. Masu aikin kwamfuta a Yamai da nan Tawa "tablo" suke ce masa, aro daga Faransanci. Fasalinsa kamar na gurabun dara ne. Akwai sahu-sahu a kwance, kowane sahu labarin abu guda: mutum ɗaya, ko ciniki ɗaya, ko mota ɗaya da ta yi lodi. Akwai layuka a tsaye, kowane layi yana amsa tambaya guda: wane ne, yaushe, buhu nawa, nawa aka biya. Inda sahu ya haɗu da layin tsaye, nan ne gurbi, kuma abu ɗaya tak ake sa wa a ciki.

Wannan fasali ya daɗe a shafukan intanet. Harshen HTML da ake rubuta shafuka da shi yana da alamomin zana jadawali tun ƙa'idarsa ta 1997. Sai dai wancan jadawali kurma ne, ba ya jin kira. Yadda aka zuba shi haka zai zauna. Ba za ka ce masa ya jera maka daga mai tsada zuwa mai araha ba, ba kuma zai ware maka cinikin watan jiya shi kaɗai ba.

Wanda ake magana a kai yau tubali ne na manhaja. Magini ba ya buga tubali sabo duk sa'ar da zai ɗora bango, sayowa yake yi bugagge. Haka mai gina manhajar intanet: ya ɗauko jadawalin da wasu suka riga suka rubuta suka gwada, ya dasa shi cikin shafinsa, ya zuba masa bayanai. Irinsu suna da yawa. Akwai DataTables na Allan Jardine ɗan Sikotilan, wanda ke tafe tun wajen 2008 kuma kyauta ne. Akwai AG Grid da Niall Crosby ya faro a 2015, mai kashi biyu, na kyauta da na biya. Akwai TanStack Table, wanda a da ake kira React Table, shi kuma ƙwaƙwalwa kawai yake ba ka, jerawa da tacewa da lissafi, zanen fuskar ya bar maka. Kusan dukkansu suna zuwa da ayyuka iri ɗaya: jera bayanai idan an taɓa kan layi, akwatin nema, rariyar tace abin da ake so, raba dogon jadawali shafi-shafi, da fitar da shi zuwa Excel.

Kalmar da ta fi nauyi a sunan ita ce ta ƙarshe, saiti. Tubalin nan bai san ka ba, bai san sana'arka ba. Kai za ka gaya masa layuka nawa ne a tsaye da sunan kowane, wanne ne lamba, wanne ne kwanan wata, wanne ne rubutu zalla, wanne za a iya gyarawa, wanne za a kalla kawai. In ba ka faɗa ba, sai ya yi amfani da abin da ya taho da shi daga gida. DataTables, alal misali, sahu 10 yake nunawa a shafi in ba a ce masa komai ba, da zaɓin 25 ko 50 ko 100. Wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin abin da waɗannan tubala suka taho da shi an auna shi ne da al'adar rubutun Amurka da Ingila, mu kuwa ba haka muke rubuta kuɗi ba, ba haka muke rubuta kwanan wata ba, kuma baƙaƙenmu sun fi nasu yawa.

Na koyi wannan da kunya, ba a littafi ba. Na taɓa gina wa wani dattijo mai fataucin albasa ƴar manhaja. Yana saye daga manoman Galmi da Madawa lokacin da aka cire, ya zuba a rudu, ya jira farashi ya tashi, sannan ya yi lodi zuwa Kwatano da Abijan. Da littattafai uku yake aiki, duk sun sha hannu har gefensu ya yi baƙi. Na kwashe su na zuba a jadawali. Ranar da na kai masa, muna zaune kan tabarma a ƙofar shago bayan la'asar, ya ce in nuna masa wanda ya fi kowa riƙe masa bashi. Na taɓa kan layin kuɗi da alfahari. Sai ga mai sefa 9 000 a can sama, mai 12 500 a ƙarƙashinsa, mai 110 000 kuma ya gangara ƙasa.

Ya ɗaga gilashinsa ya dube ni. "Ɗana, wannan na'urar taka jika tara ta fi jika ɗari da goma a wurinta?"

Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri, kuskuren nawa ne."

Kuma nawa ɗin ne. Na shigar da kuɗin yadda muke rubuta su a Nijar, da fili tsakanin dubbai da harafin F a ƙarshe, ban gaya wa jadawalin cewa lamba ba ce. Shi kuwa ya ɗauke su kalmomi, ya jera su harafi bayan harafi, kuma a wannan lissafin 9 ya fi 1, ko me ya biyo baya. Maganin shi ne a raba abin da aka ajiye da abin da ake nunawa. A ajiye 110000 tsurarsa, a sa wani ɗan umarni ya yi masa ado a fuska, da fili da alamar sefa, jerawa kuma ta bi tsurar lambar. Da na gane wannan sai na ƙara wani layi mai nuna kuɗin da jika, domin Alhaji da jika yake lissafi a ransa, sefa 1 000 jika guda, ba ya son sai ya tsaya juyawa.

Kwanan wata ma haka. Mu 03/04 uku ga Afrilu ne, Ba'amurke kuwa huɗu ga Maris zai karanta. Wanda ya bar wannan ga sa'a zai wayi gari lodin wata guda ya koma wani watan, kuma babu ƙararrawar da za ta buga, domin a wurin na'ura duka biyun daidai ne.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, lambobinsu suna nesa, bayan z. Jadawalin da ke jerawa da lambar harafi zalla zai jefa Ƙonni ƙarƙashin Yamai, Ɗanladi kuma bayan Zainabu, sai ka ce baƙi ne a harshensu. Abin da mutane ke yi sai su daina rubuta lanƙwasar gaba ɗaya don suna ya fito inda ake nemansa, a haka rubutun Hausa ke ƙara lalacewa a ofisoshi. Alhali gyaran yana nan. Burauzocin zamani, wato manhajojin da ake buɗe shafukan intanet da su, suna da hanyar jera kalmomi bisa harshe, kuma akwai ƙa'idar Hausa a rumbun Unicode, wadda ke sa ɗ bayan d, ƙ bayan k. Layi ɗaya ko biyu ne na rubutu, a haɗa jadawalin da ita. Mai ginin ne kawai zai damu ya yi.

Sai batun nauyi. Jadawali yana iya sauko da dukkan bayanai cikin wayar mai amfani ya yi aikinsa a can, ko kuma ya riƙa roƙon saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye da su, shafi ɗaya-ɗaya. In sahu ɗari biyu ne, a sauko da su duka, ya fi sauri. In dubu hamsin ne, kuma mai amfanin yana Keita ko Buza inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, to an ƙone masa forfe a banza kafin ya ga sahu na farko. Wasu tubalan suna da dabarar zana sahun da ido ke gani kawai, sauran sai an gangara, wannan yana rage wa ƙaramar waya wahala amma ba ya rage abin da aka sauko da shi.

A nan akwai tarkon da nake roƙon duk mai koyon aikin nan ya kiyaye. Ɓoye layi ba kulle shi ba ne. In ka saita cewa yaron shago kada ya ga layin riba, amma saba tana aiko da ribar tare da sauran bayanai, to tana cikin burauzarsa, kuma wanda ya san inda ake leƙawa zai gan ta cikin minti guda. Abin da bai kamata mutum ya gani ba, kada ya baro saba tun farko. Bashin mutane amana ne, kuma a gari kamar Tawa, inda kowa ya san kowa, sunan manomi da abin da ake bin sa in ya fita ba ya dawowa.

Yawancin masu buɗe manhajar nan da waya suke buɗewa, ba da kwamfuta ba, fuskar waya kuwa da ƙyar take ɗaukar layi uku ko huɗu a tsaye. Tubalan suna ba da damar a ce wanne zai tsaya, wanne zai naɗe sai an taɓa sahun ya buɗe. Ni da na zauna ni kaɗai na zaɓi suna da kwanan wata da yawan buhu. Da na koma wurin Alhaji na tambaye shi, bai ko yi dogon tunani ba, ya ce in bar masa suna, da gari, da abin da ya rage ba a biya ba. Kwanan watan da na ɗauka shi ne kan gaba, ya ce wannan yana kansa, ya san wanda ya kawo kaya kafin azumi da wanda ya kawo bayan salla. Na naɗe shi, na matso da sauran bashi kusa da suna, na ƙara girman rubutun saboda idonsa.