Dokar rarar kasafi: me take nufi ga aljihun mutanen Zango?

A shekarar 2025 majalisar dokokin Ghana ta yi wa dokar kula da kuɗin gwamnati kwaskwarima, ta ɗaure gwamnati da sharuɗɗa biyu. Kowace shekara, kuɗin shiga ya zarce abin da aka kashe da aƙalla kashi 1.5 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa, kafin a lissafa kuɗin ruwan bashi. Sannan bashin ƙasa ya sauko zuwa kashi 45 cikin ɗari na wannan arzikin nan da 2034.

A ɗauki mai sayar da koko a unguwar Aboabo ta Kumasi da bashi ya yi wa katutu. An ce mata bayan ta sayi gero da gawayi, ta ciyar da yara, dole wani abu ya saura a gwangwani don masu binta. In ciniki bai ƙaru ba, ko ta ƙara farashi, ko ta rage abin da ke shiga tukunyar gida. Gwamnati ma hanyoyinta ke nan: ƙarin haraji ko rage kashewa.

Ba haka kawai aka kawo dokar ba. Tun 2018 akwai wadda ta hana giɓin kasafi ya wuce kashi 5 cikin ɗari na arzikin ƙasa, aka jingine ta a 2020 lokacin korona, aka ci gaba da ciyo bashi. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, ƙasa ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje. A Mayun 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya amince da rancen dala biliyan 3.

Mun ɗanɗana tsuke bakin aljihun. An ƙara harajin VAT, wato harajin sayen kaya, daga kashi 12.5 zuwa 15, kuɗin wuta ya hau, aka taƙaita ɗaukar sabbin ma'aikata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsofaffin da suka zuba ajiyarsu a takardun bashin gwamnati, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Fabrairun 2023 suna neman kada a taɓa kuɗinsu, har da tsohuwar babbar jojin ƙasa Sophia Akuffo. Kuma in ma'aikaci da ɗan kwangila suka rasa kuɗi, ɗan tireda a kasuwar Kejetia ne ke wuni ba ciniki.

Ni ina goyon bayan dokar, domin hauhawar farashi ta fi kowane haraji cin talaka. Sai dai ta faɗi yawan rarar ne kawai, ba ta faɗi wanda za a matsa ba. Wannan a kasafin kowace shekara ake yanke shi. Idan ministan kuɗi ya karanta na gaba, a tambayi ɗan majalisar mazaɓar Asawase ta Kumasi nawa aka ware wa inshorar lafiya da ciyar da 'yan makaranta, nawa kuma aka saki a zahiri.