Zaurukan ƙarin ilimi na malamai a intanet

Zauren ƙarin ilimi na malamai, wanda a Turance ake taƙaita sunansa da PLN (Personal ko Professional Learning Network), shi ne tarin mutane da shafuka da guruf-guruf da malami yake bi a intanet don ya riƙa koyon sana'arsa a wurin 'yan'uwansa malamai, musamman abin da ya shafi aiki da kwamfuta da majigi da waya da manhajoji a cikin aji. Bambancinsa da bitar da ma'aikatar ilimi ko makaranta ke shiryawa shi ne a nan ba wanda ya tura malamin, shi da kansa yake zaɓen wanda zai bi, ya leƙa lokacin da ya samu sarari, idan abu ya cije masa ya jefa tambaya, sai ka ga wani malamin da bai taɓa gani ba daga wata ƙasa can ya ba shi amsa kafin gari ya waye.

Asali

Tushen abin dai kaɗaici ne. Tun 1975 wani masanin zamantakewa a Amurka mai suna Dan Lortie ya kwatanta makaranta da kiret ɗin ƙwai, kowane malami yana cikin raminsa, ya rufe ƙofar aji, na kusa da shi ma bai san me yake yi ba. Da kwamfutoci suka fara shiga ajujuwa a shekarun 1980 sai kaɗaicin ya ƙaru, don sau da yawa mutum ɗaya ne tak a makaranta yake fama da na'urar, idan ta ƙi aiki ba shi da wanda zai tambaya.

Hanyar farko da malamai suka samu ta imel ce. A 1986 Eric Thomas ya ƙirƙiro manhajar LISTSERV, wadda da ita saƙo ɗaya yake isa ga duk wanda ya yi rajista, malamai kuwa suka rungume ta. A 1988 aka haɗa wasu makarantun jihar New York da na birnin Moscow ta hanyar sadarwar kwamfuta, daga nan ƙungiyar iEARN, mai haɗa makarantun ƙasashe daban-daban ta intanet, ta samo asali. A 1997 cibiyar bincike ta SRI International ta buɗe Tapped In, wani dandali da aka tsara kamar harabar jami'a, da gine-gine da ɗakunan taro, har malami yana iya samun ofishinsa a ciki.

Shi kansa sunan PLN yawanci ana danganta shi ne da wani rubutu na Daniel Tobin na wajajen 1998, kuma har yau ba a daidaita ba kan harafin farko, wasu na cewa yana nufin zaure na ƙashin kai, wasu na cewa na sana'a.

Ta ɓangaren nazari, mafi yawan masu rubutu kan batun suna komawa ne ga aikin Jean Lave da Etienne Wenger na 1991 kan yadda ake koyon sana'a a cikin masu yin ta. Ɗaya daga misalansu teloli ne a Laberiya, inda yaron shago yake farawa da guga da saka maɓalli, sannan ɗinki, yankan yadi kuwa sai a ƙarshe. Wato sabon shiga yana tsayawa ne a gefe yana kallo, a hankali yake matsowa tsakiya. Wannan ya dace da abin da ake gani a zaurukan malamai sosai, domin mafi yawan 'yan zaure karatu kawai suke yi ba sa cewa uffan, kuma ba daidai ba ne a ce waɗannan ba sa ƙaruwa, suna matakin guga ne. Daga baya George Siemens da Stephen Downes suka zo da ra'ayin cewa sanin inda za ka samo ilimi shi ma ilimi ne, a 2008 suka gudanar da wani kwas a Jami'ar Manitoba ta Kanada wanda ɗalibai kusan 25 suka biya kuɗi amma sama da mutum 2,000 suka bi shi kyauta ta intanet.

Zamanin shafukan sada zumunta

Tsakanin 2005 zuwa 2010 ne abin ya bunƙasa. Tarayyar Turai ta ƙaddamar da eTwinning a 2005 don malaman ƙasashe daban-daban su haɗa ajujuwansu su yi aiki tare. Steve Hargadon ya buɗe zauren malamai na Classroom 2.0 a kan Ning, wani dandalin da ke ba mutane wurin kafa zaurukansu, a 2007, Edmodo, dandalin sada zumunta na malamai da ɗalibai, ya fito a 2008. Amma wanda ya fi tasiri shi ne Twitter. A 2009 Tom Whitby da Steven Anderson da Shelly Terrell suka fara #edchat, duk ranar Talata malamai su zaɓi maudu'i ta ƙuri'a su yi awa guda suna tattaunawa, kowane saƙo bai wuce haruffa 140 da Twitter ya ƙayyade a lokacin ba, kuma daga shi ne ɗaruruwan irinsa suka tsiro, na lissafi daban, na kimiyya daban, na shugabannin makarantu daban.

Zumuncin bai tsaya a allo ba. TeachMeet da aka fara a Edinburgh a 2006 taro ne da malami zai tashi ya nuna abin da ya gwada a ajinsa cikin minti 7 ko minti 2, sai Edcamp da aka fara a Philadelphia a 2010 wanda ba a ma tsara jadawalinsa sai da safiyar ranar taron.

Abin da ake yi a ciki

Musayar tsarin darasi, neman mafita idan manhaja ta ba da matsala, tambayar ko wani ya taɓa gwada abu kaza da yara 'yan shekara kaza, da ƙarfafa wa juna gwiwa. A lokacin korona, da rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙididdigar UNESCO, a waɗannan zauruka ne malamai da yawa suka koyi Zoom da Google Classroom cikin 'yan kwanaki.

Rushewar dandali

Babban raunin waɗannan zauruka shi ne a gidan haya suke zaune. Ning ya daina ba da wuri kyauta a 2010, zauruka da dama suka watse. Tapped In ya rufe a 2013 bayan shekara 16. Wikispaces, inda malamai suka tara darussa na shekaru, ya fara rufewa a 2018, Google+ ya bi shi a 2019, Edmodo kuma da kamfanin NetDragon na China ya saya a 2018 ya rufe a Satumban 2022. Duk lokacin da haka ta faru abin da ake asara ba ƙarami ba ne, tambayoyi da amsoshi na shekara da shekaru da wani sabon malami zai iya amfana da su sai su ɓace, wanda bai kwafe kayansa da wuri ba shi kenan. Mutanen dai sukan sake gano juna a wani wurin, amma ba duka ba. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 aka mayar da shi X a 2023, malamai da yawa sun yi ƙaura zuwa Bluesky da Mastodon da Threads da LinkedIn, jama'ar da a da take wuri ɗaya ta rarrabu.

Muhawara

Ana gardama kan ko shiga zaure yana ƙara wa ɗalibai ƙoƙari, tunda yawancin binciken da aka yi ya dogara ne da abin da malaman suka faɗa da bakinsu. Akwai kuma ƙorafin ingancin kayan da ake rabawa, da tallan kamfanonin manhaja da ke shigowa da rigar shawara, da saka hotunan ɗalibai ba da izinin iyaye ba, da cewa duk wannan koyon a lokacin hutun malami ake yin sa kuma makarantu da yawa ba sa lissafa shi a matsayin horo.

Halin da ake ciki

Inda data take da tsada ko intanet ba ƙarfi, guruf ɗin WhatsApp da Telegram da Facebook su ne zaurukan. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 kuma, zancen ƙirƙirarriyar basira ya cika yawancin tattaunawar, musamman yadda za a ba da aikin gida da yadda za a duba shi.