Gyambon ƙafa da na'urar zuƙe ruwan miki: abin da bincike ya gano

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin wankin miki ya san wahalar gyambo. Miki ne da kan fito a ƙwauri ko dab da idon sawu, a yi sati shida ana wankewa ana ɗaurewa bai rufe ba, wani ya shekara, wani ya fi haka. Ruwa na tsiyaya yana jiƙe bandeji, wari ya sa mutum ya fara janye jiki daga jama'a, zogi ya hana shi barci. A 'yan shekarun nan, mu da muke wannan aiki mun saba jin tambaya guda daga bakin marasa lafiya da masu jinyarsu: wai akwai na'urar da ake maƙala wa miki ta zuƙe shi har ya warke, gaskiya ne? Akwai ta, kuma tana da amfaninta. Abin da nake so shi ne mai gyambo ya san iyakarta kafin ya ɗora mata dukan fatansa.

Ga yadda take aiki. Bayan an wanke miki an cire mataccen nama, sai a yanka wani soso na musamman daidai girman mikin a cusa a ciki, wani lokaci kuma a yi amfani da gozi, wato siririn ƙyallen nan na ɗaurin miki. A kawo leda mai mannewa a rufe shi ruf yadda iska ba za ta shiga ba, a huda ledar a haɗa siririn tiyo, tiyon ya tafi zuwa wata ƙaramar na'ura mai ɗauke da mazubi. Da an kunna, sai ka ga soson ya tsuke ya lafe da naman, ruwan miki ya fara bin tiyo yana taruwa a mazubin. Ƙarfin zuƙar da aka fi sawa shi ne 125 a irin ma'aunin da ake gwada hawan jini da shi, akwai kuma ƙananan na'urori masu batir, waɗanda ake yarwa bayan kamar mako guda, da ke aiki a kan 80. Ana canza soson duk bayan kwana biyu zuwa uku. Zuƙar tana kwashe ruwan da ya yi yawa, ta rage kumburin gefen miki, ta janyo bakunansa su matso, kuma jan da take yi wa naman yana zaburar da shi ya fitar da jan sabon nama mai gurza-gurza, wanda fata ke hawa kansa.

Likitoci a Jamus sun yi rubutu a kan irin wannan dabara tun 1993, amma waɗanda suka sa duniya ta san ta su ne Louis Argenta da Michael Morykwas na Jami'ar Wake Forest a Amurka, da rahotanninsu na 1997. Gwajinsu na farko a jikin aladu aka yi shi, kuma daga nan ne lambar nan ta 125 ta fito, domin a kanta suka ga gudun jini a gefen miki ya fi ƙaruwa. Sun kuma ba da rahoton raguwar ƙwayoyin cuta, sai dai binciken da aka yi daga baya a jikin mutane bai tsaya a kan magana ɗaya game da wannan ba. Don haka kada wani ya ɗauki na'urar a matsayin maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Kafin a zo ga alƙaluma, dole a tsaya a kan abin da ke kawo gyambon, don nan ne gizo ke saƙa. Kusan kashi 70 cikin 100 na gyambon ƙafa daga jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya yake tasowa. A cikin waɗannan jijiyoyi akwai wasu ƙananan ƙofofi da ke barin jini ya hau sama su hana shi gangarowa. Idan suka lalace, jini ya taru a ƙasan ƙafa, ƙafar ta kumbura, fatar ta yi duhu ta yi tauri, ɗan ƙwarzane kaɗan sai ya zama miki. Wani gyambon kuma akasin haka ne: jijiyoyin da ke kai jini ƙafa ne suka toshe, naman yana yunwar jini. Ga na ciwon suga, wanda ya fi fitowa a tafin ƙafa da yatsu inda mutum ya daina jin zafi, ga na sikila da ke yawan kama gefen idon sawu. Akwai ma tsohon gyambon da ke rikiɗa ya zama ciwon daji, shi ya sa idan miki ya daɗe yana ƙin magani ko bakinsa ya tasa, likita kan yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Na'ura tana zuƙe ruwan da ke cikin miki, amma ba ta gyara ƙofar jijiya, ba ta buɗe wadda ta toshe, ba ta sauke suga.

To me bincike ya ce game da gyambon ƙafa kansa? A 2015 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen asibiti tana auna ingancinsu, ta nemi duk binciken da aka raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a aka gwada na'urar a kan gyambon ƙafa. Guda ɗaya tak ta samu da ya cika sharaɗi, mai mutum 60. A ƙasar Holan aka yi shi, aka wallafa a 2006. Waɗanda aka sa wa na'ura, rabinsu sun warke cikin kwana 29, waɗanda aka yi wa ɗaurin zamani kuwa sai da aka kai kwana 45. Bambancin kwana 16 ba abin rainawa ba ne ga mai kwance a gado. Amma a lura da kyau: dukan mutanen nan sittin kwance suke a asibiti, kuma dukansu an yi musu dashen fata, wato an ɗebo ƙananan gutsattsarin fata daga wani wuri an dasa a kan mikin. Abin da binciken ya nuna shi ne na'urar na iya saurin shirya miki domin dashe. Bai gwada ta ita kaɗai ba, kuma bai gwada ta a kan mai zuwa wanki daga gida ba. Masu bitar sun sanya wannan hujja a matakin mai rauni.

Ni wannan ne abin da ya fi damuna. An yi shekaru ana amfani da na'urar a asibitocin duniya, amma hujjar da bitar ta samu a kan gyambon ƙafa ba ta wuce ta mutum sittin ba. Masu wannan ciwo sun cancanci a yi musu bincike mai faɗi.

A ɓangaren ƙafar masu ciwon suga an fi yin aiki. Wani gwaji da aka wallafa a mujallar Lancet a 2005 ya ɗauki mutum 162 da aka yanke wa wani sashe na ƙafa: kashi 56 cikin 100 na masu na'ura sun warke cikin mako 16, a ɗaya rukunin kashi 39. Wani na 2008 mai mutum 342 ya samu kashi 43 da kashi 29. Kamfanin da ke ƙera na'urar ne ya ɗauki nauyin waɗannan biyun. Hakan bai mayar da sakamakonsu ƙarya ba, amma abu ne da mai karatu ya kamata ya sani. Da aka maimaita irin gwajin a Jamus a yanayin aikin asibiti na yau da kullum, da mutum fiye da 300, rahoton 2020 bai ga na'urar ta fi wankin miki na ƙa'ida wajen rufe miki ba. Haka ma wani babban gwaji na Birtaniya a 2018, a kan mutum 460 masu karayar ƙafa da ƙashi ya ɓullo, bai samu bambanci a yadda suke iya amfani da ƙafar bayan shekara guda ba.

Abin da ke da ƙwaƙƙwarar hujja ga gyambon jijiyoyin mayar da jini tsohon abu ne mara ƙyalƙyali: ɗaurin matsi. Bandeji ne ko safa ta musamman da ke matse ƙafa daga gindin yatsu zuwa ƙasan gwiwa, matsin ya fi ƙarfi a idon sawu, ya taimaki jini ya koma sama. Tare da shi akwai ɗaga ƙafa idan an kwanta, da tafiya, da motsa idon sawu domin tsokar sha-raɓa ta riƙa tura jini. A 2018 wani gwaji a Birtaniya mai mutum 450 ya nuna cewa idan likita ya yi aiki ya rufe lalatacciyar jijiyar mayar da jini da wuri, tare da ɗaurin matsi, rabin marasa lafiya na warkewa cikin kwana 56, waɗanda aka jinkirta wa kuwa kwana 82. Sai dai ɗaurin matsi ma ba a yin sa da ka. Dole a fara gwada ƙarfin jini a idon sawu a kwatanta da na hannu. Idan aka raba na idon sawun da na hannun lissafin ya gaza 0.8, akwai alamar toshewar jijiyar da ke kai jini, kuma matse irin wannan ƙafa da ƙarfi na iya kashe nama.

Na'urar tana da haɗarinta. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan rahoton mutuwar mutum 6 da raunata 77, a 2011 kuma adadin ya kai mutuwa 12 da rauni 174. Zubar jini ne kan gaba, sai ruɓar miki, har da wadda guntun soso da aka manta a ciki ya jawo. Da yawa daga cikin waɗannan a gida ko a gidajen jinya suka faru. Ba a sa na'urar a kan mikin da ke da baƙin ɓawon mataccen nama, ko wanda ciwon daji ke ciki, ko inda ƙashi ya kamu da cuta ba a yi magani ba, ko inda jijiyar jini take a buɗe. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa wa likita tun kafin a fara.

Wanda aka sallama da ita zuwa gida ya riƙe waɗannan. Idan ka ga jan jini sabo yana bin tiyo ko mazubi ya cika da jini farat ɗaya, kashe na'urar, danne wurin, a nufi asibiti nan take. Kada ta zauna a kashe fiye da awa biyu a yini da soso a cikin miki. Idan wuta ko batir ya gaza, a cire soson a yi ɗaurin da aka koya maka, a sanar da ma'aikacin lafiya. Ƙararrawarta na yawan nufin leda ta ɗago iska na shiga, ko tiyo ya lanƙwashe. Zazzaɓi, ƙarin zogi, mugunya ko ja da ke bazuwa a fata, duk dalilan komawa asibiti ne a ranar. Mu ma'aikata kuma mu ƙirga gutsattsarin soson da muka sa, mu rubuta, mu sake ƙirgawa ranar cirewa.

Idan aka gayyace ka shiga bincike a kan wannan na'ura, ina ƙarfafa maka gwiwa ka saurara, domin ta wannan hanya ce kawai za a cike giɓin da na ambata. Ƙuri'a ce za ta zaɓa maka rukuni, likita ba shi da hannu a ciki, kuma ana yin haka ne don kada a tara masu sauƙin ciwo a gefe guda sakamako ya karkata. Wanda ya faɗa rukunin da babu na'ura yana samun kulawar da aka riga aka san tana aiki. Tun Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin da likitocin duniya suka amince da su kan yin bincike a jikin mutane, ƙa'idar ita ce ba a sa mutum a bincike sai da yardarsa bayan an yi masa bayani, kuma yana da ikon fita duk ranar da ya so ba tare da an rage masa kulawa ba. Ka tambaya wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da binciken, wa ke biyan kuɗinsa, wa zai ɗauki nauyi idan wata matsala ta taso, kuma me za a auna a ƙarshe: raguwar faɗin miki kawai, ko rufewarsa gaba ɗaya, da ko ya dawo bayan watanni. Ka karɓi kwafin takardar yarda, ka tafi da ita gida a karanta a natse kafin ka sa hannu.