Furotin da Rage Ƙiba

Furotin, wanda ake kuma kira sinadarin gina jiki, yana ɗaya daga cikin manyan sinadarai uku da jikin ɗan Adam yake samun kuzari daga gare su, sauran biyun kuwa su ne sitaci tare da danginsa irin su sukari, sai kuma maiƙo. Da shi ake gina tsoka da fata da gashi, da shi kuma jiki yake haɗa sinadaran narkar da abinci da dakarun da ke yaƙi da cututtuka a cikin jini. Ga mai neman rage ƙiba, wahalar ita ce dole ya rage yawan kuzarin da yake ci, wanda ake aunawa da kalori, alhali bukatar jikinsa ta furotin ba ta raguwa, har ma tana ƙaruwa. Wannan maƙala ta duba batun ta fuskar abincin da ake samu a arewacin Kamaru da ƙasar Cadi, inda kifi da nama da wake da nono suke da yawa, amma mai da sukari da girman malmalar tuwo sukan rinjaye su a cikin kwano.

Awo da lissafi

Giram ɗaya na furotin yana ba da kalori 4, haka ma giram ɗaya na sitaci ko sukari, amma giram ɗaya na mai ko kitse yana ba da kalori 9. Waɗannan alƙaluma sun samo asali ne daga aikin Wilbur Atwater, masanin kimiyya ɗan Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau da su ake lissafin abin da ake rubutawa a jikin gwangwanayen abinci. Ana ƙiyasta cewa kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, shi ya sa ake cewa wanda ya rage kalori 500 a kowace rana zai iya sauke kimanin rabin kilo a mako, ko da yake saurin yana raguwa bayan 'yan watanni saboda ƙaramin jiki ba ya ƙona abin da babba yake ƙonawa.

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, an sanya giram 0.83 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a matsayin abin da zai wadatar da baligi mai lafiya a rana. Wannan adadi na mai zaman lafiya ne da ba ya neman sauya nauyinsa. Ga mai rage abinci, masana da dama suna ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.6 ga kowane kilo. Mutum mai kilo 80 ke nan zai tashi daga giram 66 zuwa tsakanin giram 96 da 128. Idan ƙibar ta yi yawa ƙwarai, ana yin lissafin ne da nauyin da ake son kaiwa, domin kitse ba ya bukatar furotin kamar yadda tsoka take bukata.

Dalilin ƙara furotin

Idan abinci ya gaza abin da jiki yake ƙonawa, jiki yakan cike giɓin daga kitse, amma yakan taɓa tsoka ma, kuma an daɗe ana ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da mai rage abinci yake saukewa yana fitowa ne daga tsoka da ruwa da makamantansu. Asarar tsoka tana rage ƙarfi, tana kuma rage kuzarin da jiki yake ƙonawa ko da mutum yana kwance, abin da ke sauƙaƙa dawowar ƙiba daga baya. Isasshen furotin yana rage wannan asara, musamman idan an haɗa shi da aikin ƙarfi irin su ɗaga nauyi, noma ko ɗiban ruwa.

Na biyu, furotin ya fi sitaci da mai ƙosarwa, domin yana sa hanji ya saki sinadaran da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, yana kuma danne sinadarin da ke tayar da yunwa. Na uku, narkar da shi kansa aiki ne mai cin kuzari: jiki yana kashe kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kalorin furotin wajen sarrafa shi, alhali na sitaci kashi 5 zuwa 10 ne, na mai kuwa bai wuce kashi 3 ba. A 2005 masana biyu, Stephen Simpson da David Raubenheimer, sun gabatar da ra'ayin cewa mutum yakan ci gaba da ci har sai ya cimma adadin furotin da jikinsa yake nema, don haka wanda abincinsa ya kasance mai ƙarancin furotin yakan wuce ƙima a sitaci da mai ba tare da ya lura ba. Har yanzu ana bincike a kan wannan ra'ayi, sai dai ya yi daidai da abin da kowa ya sani, cewa mai karya kumallo da farin burodi da shayi yakan ji yunwa tun kafin azahar.

Abincin yankin

Ma'aunin da ya fi amfani a nan shi ne yawan furotin da abinci yake bayarwa a cikin kowace kalori 100, kuma a wannan ma'auni kifi ne a gaba. Giram 100 na ɗanyar karfasa yana da furotin kusan giram 20 da kalori ƙasa da 100. Giwan ruwa ma haka yake, tarwaɗa kuwa ta ɗan fi su maiƙo. Yankin yana da wadatar kifi daga Tafkin Cadi da kogunan Logon da Shari, da tafkin Maga, da madatsar Lagdo da aka kammala a kan kogin Binuwai a 1982 wadda take ciyar da kasuwannin Garwa. Banda da busasshen kifin da ake kira salanga sun fi ɗanye yawan furotin a kowane giram saboda ruwansu ya fita, suna kuma daɗewa ba tare da firji ba, wanda ba ƙaramin al'amari ba ne a inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Bambancin da ake samu yana wajen girki ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man angurya yana da kalori kusan 120, wato ya zarce na giram 100 na kifin kansa, don haka karfasar da aka gasa a kan garwashi da wadda aka tsoma a kaskon suya suna da furotin iri ɗaya amma nauyinsu a jiki ya sha bamban.

Nama mara kitse yana biye da kifi. Dafaffen ƙirjin kaza da aka cire wa fata yana da furotin kusan giram 31 da kalori 165 a giram 100, naman zabo ma ba shi da kitse sosai. A wurin mai tsire ko balangu, jan nama da hanta sun fi dacewa da mai rage ƙiba fiye da tozo da kitsen da ake yayyankawa a kai, kuma ƙulin da ake barbaɗawa da man da ake shafawa suna da nasu lissafin. Kilishin da Marwa da Garwa da Ngaundere suka yi suna da shi, da busasshen naman sharmut na Cadi, suna da furotin mai yawa a ɗan ƙaramin yanki, sai dai labun kilishi na tunkuza ne, wasu kuma suna sa masa sukari, ga gishiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin rana ya kai giram 5. Ganda kuwa, duk da son da ake yi mata, furotin ɗinta maras inganci ne, domin a cikin sinadaran amino guda 9, wato tubalan ginin furotin da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, ta rasa guda ɗaya gaba ɗaya, wasu kuma kaɗan ne a cikinta.

Ƙwan kaza ɗaya yana da furotin kusan giram 6 da kalori 70 zuwa 75, muddin dafa shi aka yi. Wainar ƙwai ta mai shayi, da ake soyawa cikin mai a cusa a burodi, wani abu ne dabam. Nonon da matan Fulani suke kawowa kasuwa an riga an kaɗe shi an cire man shanu, saboda haka ya fi kindirmo ƙarancin kalori alhali furotin ɗinsu kusan ɗaya ne, giram 3 da ɗoriya a kowane giram 100. Abin da ke ɓata lissafinsa shi ne yawan fura da sukarin da ake damawa da shi.

Ga mafi yawan gidaje, wake ne hanya mafi araha. Busasshen wake yana da furotin giram 23 zuwa 24 a giram 100, idan ya dahu ya sha ruwa kuma ya koma kusan giram 8 da kalori 116, ga kuma harza mai sa ciki ya daɗe a cike. Gero da dawa, har da masakwar da ake dasawa bayan damina a filayen laka na yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da kuma Cadi, suna da furotin giram 10 zuwa 11 a giram 100 na tsaba, amma da kalori fiye da 320, kuma suna da ƙarancin sinadarin amino da ake kira lisin, wanda wake yake da shi a wadace. Shi ya sa haɗa hatsi da wake, kamar a garau-garau ko tuwo da miyar wake, yake ba da furotin mai inganci ko babu nama. Alale da aka turara ya fi ƙosai dacewa, awarar waken suya da aka dafa a miya ko aka gasa ta fi soyayya. Gyaɗa ce take yawan yaudarar mutane: tana da furotin giram 25 zuwa 26 a giram 100, amma kalorinta ya haura 560 saboda kusan rabinta mai ne, don haka a kowace kalori 100 ba ta ba da ko giram 5, alhali karfasa tana ba da 20. Miyar gyaɗa mai kauri tana iya ɗaukar kalorin da ya kai na tuwon da aka ci da ita.

Akwai kuma abinci biyu da baƙo zai yi mamakinsu. Fara tana da furotin da ya kai kusan rabin nauyinta idan ta bushe, ko da yake yawanci soya ta ake yi. A yankin Kanem da gefen Tafkin Cadi kuma matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata koriyar gansakuka daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi ta zama dihe, wadda ake sa wa miya. Fiye da rabin nauyinta furotin ne, kuma ita ce ake sayarwa da tsada a Turai da sunan sifirulina. Abin da ake ci daga gare ta a rana kaɗan ne, don haka ƙari ce kawai a kan sauran abinci, kamar yadda zogale da daddawa suke.

Tsarin yini da azumi

An fi cin moriyar furotin idan an raba shi a kan abinci uku, giram 25 zuwa 35 kowane lokaci, maimakon a tara shi duka da daddare. Dafaffen ƙwai biyu da kofin nono da safe, kwanon wake da ɗan kifi da rana, sai gasasshen kifi mai giram 150 da miyar kuka ko kuɓewa da rabin malmalar tuwo da dare, za su kai mutum kusa da giram 90 ba tare da ya sayi wani garin furotin na kanti ba. Shayin da ake sha sau da yawa a yini a Njamena da Kusseri yana bukatar a lura da shi, tunda ƙaramin cokali ɗaya na sukari kalori 16 ne kuma ba a cika tsayawa a cokali ɗaya ba. A watan azumi, buɗa baki da kunu mai sukari da ƙosai da sauran soye-soye yana sa wasu su fito daga watan da ƙarin nauyi, yayin da sahur mai ƙwai ko wake ko nono yake rage zafin yunwar rana.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Mai ciwon ƙoda ba ya ƙara furotin sai da izinin likita, domin ƙoda ce take fitar da dattin da ke saura bayan jiki ya sarrafa shi, kuma masu ciwon sukari da hawan jini na iya samun rauni a ƙoda ba su sani ba, don haka gwaji ya kamace su tukuna. Mace mai ciki ko mai shayarwa, da yaro mai tasowa, ba a sa su a tsarin rage abinci ba tare da kulawar asibiti ba. Mai ciwon gaɓoɓin da ake kira gawut yana rage kayan ciki da jan nama. Tsananta rage abinci ma yana da haɗari: a 1977 an samu mace-mace a Amurka tsakanin mutanen da suka shafe watanni suna rayuwa a kan wani ruwan furotin maras inganci kaɗai, inda bugun zuciyarsu ya rikice. Ɗanyen nono kuma ana tafasa shi kafin a sha ko a kwantar da shi, saboda cututtukan da ke iya tsallakowa daga shanu zuwa mutane, ciki har da tarin fuka.