Waiwaye: Gwajin mantuwa da tsofaffi masu jin Sifaniyanci

A 1975 ne likita Marshal Folstein da abokan aikinsa a Amurka suka fito da gwajin nan mai maki 30 da ake kira MMSE, don gano gigin tsufa da wuri. Ana tambayar tsoho kwanan wata da inda yake, a ba shi sunayen abubuwa uku ya riƙe, ya yi ta cire bakwai-bakwai daga 100, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi wani zane. Cikin minti goma an gama, shi ya sa asibitoci suka yi rububinsa.

Sai dai rabin aikin na ɗan makaranta ne. Dattijuwar da ta taso a ƙauyen Meziko tana aikin gona, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, za ta zubar da maki ko da hankalinta garau yake. Wani bincike da aka yi a Los Anjeles a 1986 ya nuna yadda harshe da ƙarancin karatu ke ja wa masu jin Sifaniyanci faɗuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sakamakon na iya sa 'ya'ya su karɓe wa uwa ragamar kuɗinta da maganinta alhali lafiyarta ƙalau.

Tun 1979 likita Antonio Lobo a Saragosa ta Sifaniya ya gane fassara kaɗai ba ta wadatar. Ya mayar da makin 35, ya kuma kai lissafin kasuwa: kana da kuɗi 30, kana ba ni uku-uku, nawa ke saura? Wanda bai iya karatu ba ma ya san canjinsa.

Daga baya aikin ya faɗaɗa. A 1999 masana a Meziko suka fitar da wani gwaji mai suna NEUROPSI, wanda ke auna mutum da sa'o'insa a shekaru da zurfin karatu. A daidai wannan lokaci aka fara bibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffi 1,789 'yan asalin Latin Amurka a yankin Sakramento na ƙasar Amurka.

Wanda ya fi burge ni shi ne Fototest na likita Cristóbal Carnero a Giranada ta Sifaniya. Babu rubutu, babu lissafi. A nuna wa tsoho hotuna shida ya faɗi sunansu, ya jero sunayen maza da na mata gwargwadon iyawarsa, sannan a ce ya tuno hotunan. Kafin a amince da shi sai da aka gwada sakamakonsa da hukuncin likitocin ƙwaƙwalwa, har a kan waɗanda ba su taɓa shiga aji ba.