Bong Joon-ho

Bong Joon-ho darakta ne kuma marubucin fina-finai ɗan Koriya ta Kudu. An haife shi ranar 14 ga Satumba, 1969, a birnin Daegu. Duniya ta fi saninsa da Parasite, fim na farko da ba na Turanci ba da ya lashe kyautar Oscar ta gwarzon fim, amma tun kafin nan ya yi suna a ƙasarsa. Daga 2000 zuwa 2025 ya ba da umarni a manyan fina-finai 8. Akwai na binciken kisan kai, akwai na dodo, akwai na ƙirƙirarriyar kimiyya, sai dai damuwarsa kusan ɗaya ce a dukansu: ratar da ke tsakanin mai shi da mara shi, da yadda hukuma ke juya wa talaka baya a ranar da ya fi bukatarta.

Tasowa da karatu

Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa ƙwararren mai zane ne kuma malamin jami'a. Kakansa na wajen uwa, Park Taewon, fitaccen marubuci ne da ya tsallaka Koriya ta Arewa a 1950, don haka jikan bai taɓa haɗuwa da shi ba. Yana firamare iyalinsu suka koma Seoul.

A 1988 ya shiga Jami'ar Yonsei ya karanci ilimin zamantakewa, shekara ɗaya bayan zanga-zangar Yunin 1987 da ta tilasta wa gwamnatin soja amincewa da zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Harabar jami'o'i ba ta huce ba a lokacin, shi ma ya shiga zanga-zangar ɗalibai, ya shaƙi barkonon tsohuwa. Ya yi wa jaridar jami'a zanen barkwanci, ya kuma kafa ƙungiyar masoya fim tare da abokansa. Daga nan ya wuce makarantar koyon fim ta ƙasar, wato KAFA, sannan ya yi shekaru yana mataimakin darakta da rubuta labari ga wasu, cikin ƙarancin kuɗi. Fim ɗinsa na farko, Barking Dogs Never Bite na 2000, bai yi kasuwa ba.

Kisan Hwaseong da dodon Kogin Han

Memories of Murder na 2003 shi ya buɗe masa ƙofa, kuma masu sharhi da yawa har yau suna ganin bai yi wanda ya fi shi ba. An gina shi a kan kashe-kashen mata da aka yi a yankin Hwaseong tsakanin 1986 da 1991, waɗanda a lokacin ba a san wanda ya aikata su ba. Bong bai mayar da 'yan sandan fim ɗin gwanaye ba. Ya nuna su suna dukan wanda ake zargi a ɗakin ƙasa don ya amsa laifi, suna barin jama'a suna tattake shaida a gonar shinkafa. A daren da suka tabbatar makashin zai sake fitowa, suka nemi ƙarin dakaru, aka ce duk an tura su murƙushe masu zanga-zanga. A ƙarshen fim ɗin, ɗan sandan da jarumi Song Kang-ho ya fito a matsayinsa ya juyo ya zura wa kyamara ido, domin darakta ya sa a ransa cewa makashin na iya kasancewa cikin 'yan kallo. Fiye da mutum miliyan 5 suka kalle shi a Koriya, ya kuma samo wa Bong kyautar darakta a bikin fina-finai na San Sebastián. Sai a 2019 gwajin ƙwayoyin halitta ya tona asirin Lee Choon-jae, wanda dama yana kurkuku kan wani kisan daban. Daga baya kotu ta wanke wani mutum da ya yi shekara 20 a ɗaure kan ɗaya daga cikin kashe-kashen, abin da ya tabbatar da cewa azabtarwar da fim ɗin ya nuna ba ƙari ba ce.

The Host na 2006 ya samo tushe daga wani abu da ya faru a 2000, lokacin da wani ma'aikacin ɗakin ajiye gawa na sansanin sojan Amurka a Seoul ya sa aka zubar da sinadarin adana gawa a magudanar da ke kaiwa Kogin Han. A fim ɗin, dodo ya fito daga kogin da rana tsaka ya sure 'yar wani mai ƙaramin shagon kayan maƙulashe. Maimakon a taimaki iyalin, sai hukuma ta killace su da sunan wata cuta da babu ita. An sayar da tikiti miliyan 13, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a ƙasar kafin lokacin. Mother na 2009 ya biyo baya, labarin uwar da ta yi tsayin daka sai ta wanke ɗanta daga zargin kisa, da jaruma Kim Hye-ja.

Aiki da kamfanonin waje

Snowpiercer na 2013 shi ne fim ɗinsa na farko da akasarinsa da Turanci ne: ragowar 'yan Adam cikin jirgin ƙasa ɗaya bayan duniya ta daskare, talakawa a taragon baya, masu hali a gaba. Harvey Weinstein, wanda ya sayi haƙƙin rarraba shi a Amurka, ya nemi a yanke kusan minti 20. Bong ya ƙi. Fim ɗin ya fita yadda ya so, amma da farko a gidajen sinima ƙalilan. Okja na 2017 kuwa Netflix ce ta ɗauki nauyinsa. Shigarsa gasar bikin fina-finai na Cannes a Faransa ta tayar da ƙura har masu bikin suka kafa dokar cewa duk fim ɗin da zai shiga gasar sai an nuna shi a sinimomin Faransa. A gida ma manyan kamfanonin sinima sun ƙi haska shi. A waɗannan shekarun sunan Bong yana cikin jerin masu fasahar da gwamnatocin Lee Myung-bak da Park Geun-hye suka sa wa ido a asirce don hana su tallafin gwamnati.

Parasite

Da Parasite na 2019 ya dawo harshensa da birninsa. Iyalin Kim na zaune a irin ɗakunan nan na Seoul da rabinsu ke binne a ƙasa, tagarsu daidai ƙafar masu wucewa. Ɗaya bayan ɗaya suka cusa kansu aiki a gidan attajiri Park, kowa na ɓoye cewa 'yan gida ɗaya ne. Bong da kansa ya taɓa koyar da ɗan wani mai kuɗi darasi a gida yana ɗalibi. Ƙarfin fim ɗin yana cikin ƙananan abubuwa: matakalar bene da ba ta ƙarewa, warin ɗakin ƙasa da ya ƙi barin tufafin Kim, da ruwan sama guda da ya zama abin sha'awa ga masu gidan tudu, ya kuma cika ɗakin talaka da ruwan masai. Bai mayar da attajiran mugaye ba, bai mayar da talakawan waliyyai ba, shi ya sa fim ɗin ke da ciwo.

A Mayun 2019 ya lashe Palme d'Or, babbar kyautar bikin Cannes, karon farko ga fim ɗin Koriya. Ranar 9 ga Fabrairu, 2020, ya kwashe Oscar huɗu: gwarzon fim, darakta, rubutun labari tare da Han Jin-won, da fim ɗin ƙasashen waje. Ya tara fiye da dala miliyan 250 a duniya.

Salon aiki

Bong kan zana kowane hoto na fim da hannunsa kafin a kunna kyamara, ya raba wa ma'aikata, kuma ba ya ɗaukar fage ɗaya ta kusurwoyi da yawa don ya zaɓa daga baya. Gidan Park ma gina shi aka yi musamman, daidai da inda kyamara za ta bi. Ya iya haɗa dariya da tashin hankali a fage ɗaya, kamar inda iyalin The Host ke birgima a ƙasa suna kuka a wurin makoki 'yan jarida na ɗaukar su hoto. Song Kang-ho ya fito a fina-finansa huɗu.

A 2021 ya shugabanci alƙalan bikin fina-finai na Venice. A 2025 ya fitar da Mickey 17 ƙarƙashin Warner Bros., inda Robert Pattinson ya fito a matsayin leburan sararin samaniya da ake tura shi aikin mutuwa, duk lokacin da ya mutu na'ura ta sake ƙera wani irinsa ya koma bakin aiki.