Me ake nufi da tsara birni bisa la'akari da buƙatun mata?

A 'yan shekarun nan, da wuya a yi taro kan gidaje, tituna ko kasuwanni a tashi ba a ambaci tsara birni bisa la'akari da buƙatun mata ba. Wasu na ɗaukar maganar a matsayin kwalliyar takardun neman tallafi, wasu kuma sun zaci ana nufin a ware wa mata unguwarsu ko motarsu. Ainihin abin da ake nufi shi ne: kafin a ja layin titi, a yanka fuloti, a kafa tasha ko a zaɓi wurin haƙa rijiyar burtsatse, a tsaya a binciki yadda shawarar za ta shafi yinin mace da yadda za ta shafi yinin namiji, a tattara alƙaluman kowanne daban, sannan a gyara zane da kasafin kuɗi gwargwadon abin da aka gano. Hanyar aiki ce da ake bi tun daga farkon shiri har ƙarshensa. Taron mata na duniya da aka yi a Beijing a 1995 ne ya amince da ita a matsayin hanyar tsara manufofin gwamnati, a 1997 kuma majalisar tattalin arziki da zamantakewa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fayyace ma'anarta a hukumance. Masu tsara birane suka shigo da ita cikin nasu fagen.

Dalilin buƙatarta yana cikin yadda sana'ar ta taso. A yawancin ƙarni na 20, mutumin da ake zana wa birni shi ne ma'aikacin da zai fita da safe, ya nufi wurin aiki kai tsaye, ya dawo da yamma. Saboda shi ake faɗaɗa manyan tituna, saboda shi ake raba unguwar zama da unguwar kasuwanci. Yinin mace sau da yawa ba haka yake tafiya ba. Za ta raka yaro makaranta, ta biya asibiti awo ko allurar rigakafi, ta shiga kasuwa cefane, ta leƙa mahaifiyarta da ba ta da lafiya, ga goyo ga kaya, yawanci a ƙafa ko a abin hawa na haya. A takardun binciken sufuri, waɗannan gajerun tafiye-tafiye sukan warwatse ƙarƙashin "sayayya", "ziyara" ko "sauransu", sai su zama kamar ba su da yawa. Inés Sánchez de Madariaga, farfesar tsara birane a Madrid ta ƙasar Sifaniya, ta ba da shawarar a haɗa su wuri guda a kira su zirga-zirgar kula da iyali. Idan aka ƙirga su haka, sai a ga yawansu ya kusa kamo na zuwa wurin aiki.

Birnin da ya fi nisa a wannan aiki shi ne Vienna, babban birnin Ostiriya, kuma labarinsa labari ne na matan da suka samu kujerar yanke shawara. A 1991 wata ma'aikaciyar tsara birni mai suna Eva Kail, tare da abokan aikinta, ta shirya baje kolin hotuna da ke nuna yadda mata daban-daban ke yini a birnin, daga ƙaramar yarinya zuwa tsohuwa da mai keken guragu. Baje kolin ya ja hankali sosai. A 1992 birnin ya buɗe ofishin harkokin mata, aka naɗa Kail shugabarsa ta farko. Daga nan ta sa aka shirya gasar zanen rukunin gidaje wadda mata zalla aka gayyata, domin a lokacin masu zanen gini mata ba sa samun irin wannan gayyata. Tsarin Franziska Ullmann ne ya yi nasara, kuma a 1997 aka kammala rukunin Frauen-Werk-Stadt mai gidaje fiye da 350 a unguwar Floridsdorf.

Ƙananan abubuwan da ke cikin wannan rukuni su ne suka fi fito da ma'anar wannan hanyar aiki. Tagar kicin tana kallon tsakar rukunin inda yara ke wasa, don mai girki ta riƙa ganin ɗanta ba tare da ta sauke tukunya ba. An tanadi wurin ajiye keken jarirai kusa da ƙofar gida. Matakalar bene tana da faɗi, hasken rana na shigarta, babu lungu mai duhu da mutum zai ji fargabar bi. Ɗakin wanki, wanda aka saba jefawa can ƙarƙashin ƙasa, an kai shi sama kusa da rufi inda akwai iska da haske. Akwai makarantar renon yara da ɗakin ganin likita a cikin rukunin, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari kuma na tsayawa kusa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar wata sabuwar fasaha. Wadda ta taɓa hawa bene da jariri a hannu ɗaya da kwandon wanki a ɗayan ita ce ta san ya kamata a yi tambayar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka aka yi da filayen wasa. Wani bincike a tsakiyar shekarun 1990 ya nuna cewa da zarar yara sun haura shekara tara, sai 'yan mata su ɓace daga filayen, samari su mamaye ko'ina da ƙwallo. Aka sake zana wasu filaye a unguwar Margareten: aka ƙara ƙofofin shiga, aka rarraba babban fili zuwa ƙananan sassa, aka sa kujeru da fitilu da wuraren wasanni iri-iri. 'Yan matan suka dawo. A unguwar Mariahilf kuma aka faɗaɗa kimanin kilomita guda na hanyar masu ƙafa, aka ƙara fitilu, aka yi gangara a inda da sai matakala. A 2013 birnin ya tattara darussan cikin kundin jagora ga ma'aikatansa. A garin Karlskoga na Suwidin ma an yi irin wannan bita kan share ƙanƙara: aka koma fara share hanyoyin ƙafa kafin manyan tituna, domin masu zamewa su ji rauni yawanci masu tafiya a ƙafa ne, mata kuma suka fi yawa a cikinsu.

A nan ne maganar ta haɗu da batun shugabancin mata a sana'ar. Hukumar kula da matsugunan jama'a ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UN-Habitat, mai hedkwata a Nairobi, ta samu shugabanni mata irin su Anna Tibaijuka 'yar Tanzaniya daga 2000 zuwa 2010, da Maimunah Mohd Sharif 'yar Maleshiya daga 2018 zuwa 2024, sai Anacláudia Rossbach 'yar Burazil da ta gaje ta. Maimunah ta faro ne a matsayin jami'ar tsara gari a Penang, ta yi ta hawa har ta zama magajiyar garin. A Freetown ta Saliyo, magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr ta naɗa Eugenia Kargbo jami'ar yaƙi da zafin rana a 2021, kuma cikin ayyukan farko akwai kafa rumfunan inuwa a wasu kasuwanni inda mata ke yini cikin rana. Ni dai ban yarda cewa zaman mace a kujera kaɗai ya wadatar ba. Mace na iya sa hannu a rusa kasuwar mata ba tare da an tanadar musu wani wuri ba, namiji kuma na iya koyon wannan hanyar aiki ya bi ta da gaskiya. Sai dai idan aka duba inda abin ya kafu, kusan ko'ina za a tarar da macen da ke da muƙami da kasafin kuɗi da ikon cewa a sake zane.

A ƙasar Hausa kuwa akwai wani dalili na musamman da ya sa nake ganin ba za a yi aikin ba sai da mata ƙwararru. Jami'in da ya je tattara bayanai a tsohuwar unguwa iyakarsa zaure. Ƙofar an rubuta "ba shiga", don haka mai gida ne zai ba shi amsa. Mai gidan zai faɗi abin da ya sani, amma ba shi ke jiran mai ruwa da asuba ba, ba shi ke kwashe ruwan kwata idan ya dawo tsakar gida da damina ba, ba shi ya san wane lungu ne yarinya mai talla ke tsoron bi bayan magariba ba. A cikin gidajen nan ake suyar ƙosai da ƙuli-ƙuli, ake dakan fura, ake ɗinki da kitso da saƙa. Taswira za ta nuna wurin a matsayin unguwar zama kawai, alhali masana'antu ne ƙanana masu buƙatar ruwa, wuta, magudana da hanyar fitar da kaya. Jami'a mace ce za ta yi sallama ta shige har ƙuryar ɗaki, ta zauna a tabarma, ta ga komai da idonta.

Kano ta taɓa gwada nata salon. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku, waɗanda aka fi sani da A Daidaita Sahu, don mata su huta da hawa acaɓa. Bayan an hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, sai suka zama abin hawan kowa. An kula da mutuncin mace a kan abin hawa, wannan kuwa abu ne mai kyau. Tambayoyin da suka rage su ne inda za ta tsaya jira, ko akwai inuwa da fitila a wurin, ko akwai banɗaki mai tsabta a kasuwa da tasha, da yadda mai tsohon ciki ko tsohuwa za ta tsallaka titi mai shinge a tsakiya idan gadar masu ƙafa tana da nisa da matakala masu tsayi. A unguwannin awon igiya, inda ake yanka fili ba a bar wa makaranta ko asibiti ko magudana wuri ba, wadda ke yini a gida ita ke fara ɗanɗana kuɗa.

Akwai masu sukar wannan tsari ta wata fuska: suna cewa idan aka gina birni bisa cewa mace ce mai raino da wanki, an ƙara ɗaure ta ga aikin ke nan. Sukar na da ƙamshin gaskiya. Amsar da masu aikin ke bayarwa ita ce, duk wanda ya ɗauki nauyin kula da wani, ko uba ne mai kai ɗa makaranta ko saurayi mai tura kakansa a keke, zai amfana da faffaɗar hanya da fitila da asibiti na kusa.

Ga yarinyar da ke sha'awar sana'ar, hanya a buɗe take. Ana karanta tsara birane da yankuna a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da kwalejojin kimiyya da fasaha. Ƙungiyar masu tsara birane ta Najeriya, NITP, an kafa ta a 1966, hukumar yi musu rajista kuma, TOPREC, a 1988, akwai kuma ƙungiyar mata masu wannan sana'a. Abin da ya fi yi wa mata cikas shi ne yadda ake raba aiki bayan an ɗauke su: a bar su da fayil a ofis bisa hujjar cewa fita duba gini da mu'amala da 'yan kwangila ya yi musu tsauri, ranar ƙarin girma kuma a ce ba su da gogewar fili. Shugaban sashen da ke son gyara sai ya fara daga jadawalin fita aiki.

Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari a bainar jama'a don a karɓi ƙorafi kafin a amince da shi. Idan aka manna daftarin a allon sakatariya da Turanci, tsakanin ƙarfe takwas na safe da huɗu na yamma, matan unguwa kaɗan ne za su gan shi. Ana iya kai shi Islamiyyar matan aure, ko asibiti ranar awo, ko wurin taron adashi, jami'a ta yi bayaninsa da Hausa, ta rubuta abin da aka ce, ta koma da shi teburin zane.